Sunan da Zuhra Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Setapak, Kuala Lumpur,
Juma'a, 20 ga Maris, 2020.

Zuwa ga ƙanena Malam Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hureira da yara da dukkan mutanen Funtuwa. Yaya jikin Hureira, hawan jinin ya sauka? Mu nan lafiya, uwargida Hajjo tana gaishe ku. Na zaɓi in rubuto da hannuna, ita kuma ta ɗauki hoton takardar ta turo maka, domin a maganar waya mutum yakan faɗi rabi ya manta rabi.

Ga yadda al'amarin yake. Ranar sha ɗaya ga wata, da yardarka da tawa, ɗanka Takwarana da 'yata Zuhra suka shiga jirgin ruwa na koyon aiki daga tsibirin Langkawi, su goma sha takwas, ɗaliban jami'o'i daban-daban, da nufin su sauka a Port Klang gobe. Jirgin yana da inji, amma ƙarami. Iska ce ke tura shi, ta hanyar manyan tamfol da ake ɗagawa da saukewa da igiya, kuma kowace igiya hannun mutum ne ke jan ta. Manufar tafiyar ita ce yara su koyi aiki tare da riƙon jagoranci.

Shekaranjiya gwamnati ta rufe ƙasa saboda cutar nan. Jami'armu ta Jalan Semarak a kulle take, masallaci ma haka. Yau Juma'a, a falo na yi azahar raka'a huɗu. A ranar da aka rufe ɗin jirgin ya nufi wata tasha don ya sha mai, sai aka dakatar da shi, domin biyu daga cikin ma'aikatansa huɗu sun kwanta da zazzaɓi. An keɓe su a ɗaki guda. An umarci kyaftin ya kawo jirgin bakin Port Klang ya jefa anga, likitoci su iske su a can. Ɗan man da ya rage an ajiye shi don shiga tasha. Iska kuwa a wannan wata ba ta da ƙarfi, sai in hadari ya taso da la'asar, sannan ta zo gaba ɗaya. Saboda haka abin da aka shirya a matsayin darasi ya zama aiki na gaske. Kyaftin da mataimakinsa su biyu ne rak, yaran ne ke tafiyar da jirgin.

An raba su rukuni uku, mutum shida-shida, suna karɓa-karɓa. Kowane rukuni yana da shugaba mai jar hula. Dokarsu ita ce shugaba ya kira mutum da sunan da ke rubuce a bayan rigarsa, da ƙarfi, don kowa ya san wanda aka ba aiki, shi kuma ya maimaita umarnin kafin ya taɓa igiya. To, a nan ne aka yi abin da ban ji daɗinsa ba. Kyaftin ya ba Zuhra jar hula, ya sa Takwara a ƙarƙashinta. Ita shekararta sha tara, shi ashirin da uku.

Jiya wata baiwar Allah a ofishin masu jirgin, Puan Rohani, ta haɗa kowane gida da 'ya'yansa ta wayar tauraron ɗan adam, minti uku-uku. Takwara ne ya fara karɓa. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Baffa, yarinyar nan a gaban Sinawa da Indiyawa take daka mini tsawa, sai ka ce ita ta haife ni." Na ce ya ba ta. Ta ce, "Baba, Yaya nake ce masa, kuma sau biyu kyaftin yana yi mini faɗa, wai sauran ba su san wa nake nufi ba, sai na kira sunan da ke rigarsa." Na ce mata sunan da ke rigarsa sunan ubanta ne, ba ta taɓa faɗarsa a tudu ba, ba kuwa a teku za ta fara ba. Na ce kada in sake jin ta ɗaga masa murya. In akwai saƙo, ga ƙawarta Khaulah 'yar Dokta Munzali a rukuninsu, ta aika ta. Ta ce, "To, Baba." Nan wayar ta yanke, Hajjo tana tsaye ta miƙo hannu.

Na kuma rubuta wa kyaftin, cikin ladabi, ina roƙon ya mayar da hular kan babba. Ya amso cewa ya gode, amma shi ba shekaru ya duba ba, ido ya duba, yarinyar tana ganin hadari kafin kowa ya gan shi. Ban ƙara magana ba. Ina so dai ka sani ban bari an wulaƙanta ɗanka a hannuna ba.

Batun zazzaɓin kada ka gaya wa Hureira tukuna. Ka gaishe da Inna Daso.

Yayanka,
Abdulwahidu.

Setapak,
23 ga Maris, 2020.

Ƙanena Malam Lawal,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka fara sanin cewa ɗanka yana raye, yana cikin hankalinsa, yana magana. Ka karanta wannan layin sau biyu kafin ka ci gaba.

Jiya da la'asar hadari ya same su. A ƙasan babban tamfol ɗin jirgin akwai wani gungume a kwance, kamar azara amma ya fi ta kauri, wanda ke lilo daga wannan gefe zuwa wancan idan iska ta juya. Takwara yana tsaye a hanyarsa yana naɗe igiya, ya ba shi baya. Gungumen ya zo ya make shi a kafaɗa, ya jefa shi kan ƙarfen gefen jirgi, rabin jikinsa yana reto a kan ruwa. Igiyar da kowannensu ke ɗaurewa da ita a ƙugu ita ce ta riƙe shi, da ikon Allah, har aka jawo shi. Hannunsa na hagu ya karye a saman wuyan hannu, kuma ya fashe a goshi. Likita ya yi musu bayani ta rediyo, sun ɗaure hannun da katako, sun tsayar da jinin. Likitan ya ce ba ya jin tsoro a kan ransa, amma a sa masa ido.

Da Puan Rohani ta gaya mini, na zauna na rubuta wa kyaftin takarda mai zafi, shafi biyu. Na ce wannan shi ne sakamakon ɗora ƙaramar yarinya a kan aikin manya. Ban riga na tura ba sai rahotonsa ya iso, wanda yake rubutawa kan duk abin da ya faru a jirgi. Ba zagi a ciki, ba zargi. Ya ce shugabar rukuni ta ga juyawar iskar kafin kowa, har da shi kansa. Ta ga inda yaron yake tsaye. Maimakon ta kira shi, sai ta juya ga wata ta ce ta je ta gaya masa ya sunkuya. Wannan ta taka taku uku, gungumen ya riga ta. Ya ce tsakanin ganinta da bugun daƙiƙa huɗu ne, kuma bai gane dalilin da ya sa yarinya mai irin wannan ido ta yi haka ba.

Lawal, ni na gane. Na cire agogona na ajiye a tebur, na faɗi sunana a fili ina kallon tsinken. Bai kai daƙiƙa biyu ba. Na yayyaga takardar da na rubuta.

Ka ba ni amanar ɗanka shekara uku da suka wuce. A filin jirgin Kano ka riƙe hannuna ka ce, "Yaya, ga mai sunanka nan." Ba zan ce maka kyaftin ba ne, ba zan ce maka iska ba ce. Yanzu kam sai ka gaya wa Hureira, amma ka zaunar da ita tukuna, ka tabbata ta sha maganinta.

Yayanka,
Abdulwahidu.

Setapak,
25 ga Maris, 2020.

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina tambayar jikin Hureira. Hajjo ta nuna mini alamar cewa ka buɗe takardata. Ban ga amsa ba, kuma ban ga laifinka ba.

Al'amari ya ƙara nauyi. Tun jiya kyaftin ma ya kwanta da zazzaɓi, an shigar da shi ɗakin masu jinya. Babba ɗaya ne ya rage a tsaye, mataimakinsa, saurayi ne da bai cika talatin ba, kuma kwana biyu ke nan bai runtsa ba. A gabansu akwai wurin da teku ta tsuke, inda manyan jiragen dakon mai da kaya ke wucewa a jere kamar tireloli a hanyar Kaduna, kuma irin waɗannan ba sa iya tsayawa don ƙaramin jirgi. Iska daga gabansu take zuwa. Ba za su iya miƙewa ba, sai dai su yi ta karkata dama da hagu, kuma duk juyi ɗaya sai gungumen nan ya yi lilo, sai mutum shida sun ja igiya a lokaci guda. Ka san aikina awon ƙasa ne. Na shimfiɗa taswira a teburin cin abinci, duk tsakar rana da aka turo inda suke sai in sa ɗigo da fensir. Jiya abin da suka ci bai kai faɗin yatsuna biyu ba.

Zuhra kuwa tun ranar da abin ya faru ta cire jar hular ta ajiye a ƙofar kyaftin. Tana zaune a ƙasa kusa da gadon Takwara, tana ba shi ruwa. Rukuninta ba shugaba. Sauran shugabannin biyu sun raba lokacinta a tsakaninsu, sun fara yin kuskure don gajiya. Khaulah ta lallashe ta, mataimakin ya roƙe ta. Abin da ta ce kawai shi ne ba za ta iya yin aikin yadda ake yinsa ba, ba kuma za ta sake yinsa yadda ta yi ba.

Da hantsi Puan Rohani ta kira ni. Ta ce Khaulah ta bayyana wa mataimakin komai, shi ne ya ce a nemi mahaifin yarinyar. An daina kiran waya don a tanadi batir, sai gajeren saƙo, layi uku, wanda za a karanta musu da tsakar rana. Ta ce, "Boleh, Farfesa? Zai yiwu kafin sha biyu?"

Na ɗauki alƙalami. Na farko na rubuta cewa ta koma aikinta amma ta kiyaye ladabi. Na biyu na ce ta ɗaga murya, amma ta tsaya a kan Yaya. Hajjo tana bayana tana karantawa. Ka san ta, ba mai ja da ni ba ce. Ta ajiye farantin da ke hannunta ta ce, "Malam, minti ukun da aka ba mu ka cinye su kaf a kan suna. Ni ko lafiya lau ban ji daga bakin 'yata ba. Yanzu layi ukun ma a kan suna za su ƙare?" Na ce mata tarbiyya ba ta da teku ba ta da tudu. Ta ce, "Ni shekara talatin da ɗaya ban faɗi sunan nan ba, ban kuwa ga ya ƙara tsawo ba. In yaron mutane ya faɗa ruwa, a wane bango za ka rataye sunan?" Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini wuya. Mu ba mu taɓa faɗin sunan mahaifinmu ba har ya koma ga Allah, kai ma ba ka taɓa faɗin nawa ba, ko da kiran ɗanka. Shekara sha ɗaya ina ƙasar nan ina ganin 'ya'yan mutane sun manta gaisuwa, ana yi musu Hausa suna amsawa da Malayanci, ina alfahari da cewa tawa tana durƙusawa. Ashe ita ta yi mini biyayya ne har inda biyayyar ta kusa kashe ɗan'uwanta.

Sha biyu saura minti goma na tura wannan: "Zuhra, laifin nawa ne, ba naki ba. Ki ɗauki hularki. Ki kira shi da sunan da ke rigarsa, da ƙarfi, kowa ya ji. Na yarda. Babanki."

Yanzu la'asar ta yi. Ta taga ina hango hadari ya haɗu a yamma, wajen teku. Ba amsa. Ban sani ba ko an karanta mata, ko ta yarda cewa ni ne na rubuta. Ku taya mu da addu'a.

Yayanka,
Abdulwahidu.

Setapak,
12 ga Afrilu, 2020.

Zuwa ga ƙanena Malam Lawal, da Hureira, da Inna Daso, da duk wanda za a karanta wa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma Allah Ya tsare ku daga cutar nan, don mun ji ta iso gida. Lawal, na ga amsarka ta kalma uku, "Allah Ya tsare." Na gode. Abin da ya biyo baya na riƙa turo maka shi a gutsure ta hannun Hajjo, yau zan haɗa shi wuri ɗaya, domin yaran suna gida. Ga Takwara can a falo yana cin tuwo da hannu ɗaya.

Kwana biyu bayan saƙona ba mu ji komai ba sai lambobin inda suke. Amma ɗigon fensirina ya fara tafiya. Ranar ashirin da takwas ga Maris suka jefa anga a bakin Port Klang. An kwashe kyaftin da ma'aikatan biyu zuwa asibiti, gwaji ya nuna cutar ce, kuma dukkansu sun samu sauƙi. Likita ya hau jirgin ya duba hannun Takwara ya sa masa filasta. Yaran ba wanda ya kamu, amma sai da suka cika kwana sha huɗu a kan ruwa.

Abin da ya faru a tsakani daga bakin Takwara na ji shi. Ya ce mataimakin ya sauko da kansa ya miƙa wa Zuhra saƙon. Ta karanta, ta ce ba Babanta ba ne ya rubuta, Babanta ba ya cewa laifinsa ne. Takwara ya karɓa ya duba, ya ce mata, "Wa kika sani a duniya da zai sa waƙafi har huɗu a saƙon ceton rai in ba Baffa ba?" Ya ce nan ta yi dariya tana kuka. Sannan ya sa aka ɗauko masa rigarsa, ya ce ba zai kwanta a ƙasa ba, a ɗaure shi a jikin turken jirgi ya riƙa duba manyan jiragen, tun da idonsa bai karye ba. Ya ce mata, "Ni na kai ƙararki, ni na janye. In kika ce Yaya, ba da ni kike ba." Sau talatin da ɗaya suka juya jirgin kafin su fita daga matsatsin nan, sha huɗu a lokacin aikinta. Ya ce akwai jirgin man da ya wuce su har suna karanta rubutun jikinsa. Ba wanda ya ƙwarzane.

Jiya na je ɗauko su da takardar izinin 'yan sanda. Hajjo ba ta samu zuwa ba. Shinge uku na wuce, babbar hanya fayau ba kowa. A tasha an ja layi a ƙasa, kowane uba a kan nasa, da takunkumi, ba mai matsawa kusa da wani. Jirgin ya taho a hankali da ɗan man nan da suka tanada. Mataimakin yana riƙe da sitiyari. A can gaba na hango jar hula a kan ɗankwali. Ta rame, ta yi baƙi. Ina jin muryarta tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana maimaitawa, igiya tana tashi. Ban san tana da wannan murya ba, shekara sha tara a gidana.

Da jirgin ya kusa gogar bango, akwai wata taya da ake saukewa a gefe don ta tare. Takwara ne a kanta, da hannunsa mai lafiya. Sai na ji ta ce, "Abdulwahidu! Sauke taya!" Umarnin da Turanci ta ba da shi, sunan kuwa yadda mahaifinmu ya raɗa shi.

Lawal, kafin ɗanka ya buɗe baki, ni na amsa. Na ce "Na'am!" da ƙarfi, ta cikin takunkumi, har na taka na wuce layina ina duba ƙasa ina neman tayar. Wani ɗan sanda ya ce, "Uncle, baya, baya!" Basinen da ke layin kusa da ni ya dube ni kamar na zautu. Takwara ya maimaita umarnin ya sauke tayarsa, jirgin ya jingina lafiya. Ita kuwa ta ji ni, na san ta ji, amma ba ta waiwayo ba sai da aka ɗaure igiya ta ƙarshe, ta ƙirga mutanenta biyar. Sannan ta sauko, ta tsaya nesa kamar yadda doka ta ce, ta durƙusa a kan siminti, hular tana kanta, muryar ta dishe, ta ce, "Baba, ina wuni." Na ɗaga mata hannu.

Yanzu ga roƙona. Lawal da Hureira, ina neman gafararku a kan hannun ɗanku. Likita ya ce zai warke, amma tabon goshin zai zauna, kuma duk ranar da kuka gan shi ku tuna da ni, kada ku tuna da Zuhra. Na san labari zai iso Funtuwa, in bai riga ya iso ba, cewa 'yar wane ta kwarara sunan ubanta a bainar jama'a a ƙasar waje. Gaskiya ne. Da izinina ta yi, a rubuce, kuma ni ne na fara amsawa. Inna, ina roƙonki musamman, kada a kira ta a waya don a yi mata faɗa, kada kuma a yi mata gori ranar da Allah Ya kawo mu gida. A cikin gida Yaya take ce masa har yanzu, ba wanda ya sa ta. Takwara ya ce in an buɗe ƙasa yana so ya sake shiga jirgin, kuma a rukuninta. Wannan na bar wa iyayensa, ni na daina sa baki a aikin da ban sani ba.

A karanta wannan takarda a gaban kowa, duka, kada a tsallake inda na ce laifina ne. Ina neman haɗin kanku, manya da yara, a rufe maganar a nan. Hajjo tana gaishe ku, yaran suna gaishe ku.

Wassalam.

Naku,
Abdulwahidu.